Tambaya da Amsa: Maciji a Daji, Yaya Mutum Zai Kare Kansa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutum ne mai yawan shiga daji da ƙafa, wani lokacin sai dare ya yi nake dawowa, kuma gaskiya tsoron maciji ya fara hana ni sakewa. Wasu sun ce in riƙa waƙa ko tafi da ƙarfi zai gudu, wasu kuma sun ce maciji kurma ne ba ya ji. Wanne ne gaskiya, kuma me zan riƙa yi? Daga wani makaranci.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tsoron naka ba laifi ba ne, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na saran mutane kusan miliyan 5 a duk shekara, waɗanda ke mutuwa kuma tsakanin 81,000 ne zuwa 138,000, banda masu rasa hannu ko ƙafa ko samun wata naƙasa ta dindindin da sun ninka haka. Abin ya kai a 2017 hukumar ta saka saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Amma ka kwantar da hankalinka, maciji ba farautar mutum yake ba, kai ba abincinsa ba ne, dafin nan ma na kama ɓera da kwaɗo ne yake tanadi. Yawancin sara yana faruwa ne saboda ƙafa ko hannu ya riga ido isa wuri.

Maganar waƙa kuwa, toh ka yi abarka in tana ɗebe maka kewa amma kar ka dogara da ita. Maciji ba shi da kunne a waje irin namu, abin da ya fi ji shi ne girgizar ƙasa da ke shiga ta haɓarsa da cikinsa. Saboda haka takawa da nauyi da buga sanda a ƙasa sun fi waƙa amfani nesa ba kusa ba. Ka samu sanda doguwa, ka riƙa kaɗa ciyawar gabanka kafin ka sa ƙafa.

Sai dai fa ba kowane maciji ke gudu ba, kuma nan ne mutane ke shan mamaki. Kasa ba ta gudu. Kwanciya take yi lamo a gefen hanya cikin busassun ganye, launinta ya saje da ƙasa har ka tsaya a kanta ba ka gani ba, ita a tunaninta ɓuya ta yi, sai ka taka ta, kuma duk jikin nan nata mai nauyi da kamar kasala saranta kamar walƙiya ne. Kububuwa ma haka, ga ta ƙarama, da wuya ta wuce tsawon hannu, amma a dazukan Afirka ta Yamma ita ce kan gaba wajen kisa. In ta ji an matso tana naɗewa ta riƙa goga jikinta da juna yana ba da wani sauti shuuu, in ka ji wannan ka tsaya cak ka duba kafin ka ƙara taku ɗaya. Su biyun nan duk da dare suka fi yawo, musamman bayan an yi ruwa, shi ya sa abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne dawowar daren nan. Tocila dole ce, mai haske sosai, kuma ka haska ƙasa inda za ka taka, ba can nesa ba. Fitilar waya a maleji ce kawai.

Takalmi kuma, mafi yawan sara a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa ko ƙwauri. Silifa a daji da dare ganganci ne wallahi. Takalmi mai kauri da ya rufe idon sawu, in da hali wanda ya kai ƙwauri, da wando mai kauri mai ɗan faɗi a sake shi a kan takalmin. In ka cire takalmin ka ajiye, ka zazzage shi kafin ka mayar.

Gungume ko dutse a hanya, kar ka tsallake kai tsaye, ka hau kansa tukuna ka leƙa ɗaya gefen sannan ka sauka, don a inuwar gefen nan suke kwanciya. Kar ka zura hannu a rami ko kogon itace ko suri, komai abin da ka hango a ciki. In kwana ya kama ka a daji ka kwanta a wuri mai ɗan tudu cikin gidan sauro da aka cusa gefensa da kyau, yana tsare maciji kamar yadda yake tsare sauro. In kuma kun yi ido biyu da shi, ja da baya a hankali ka ba shi hanya, shi ke nan. Mutane da yawa wajen ƙoƙarin kashewa aka sare su, har wanda aka sare wa kai ma kan yana iya cizo bayan wani lokaci, kar ka ɗauka da hannu don nuna wa mutane.

TAMBAYA: Malam don Allah in maciji ya riga ya sari mutum kuma asibiti da nisa, ba sai a ɗaure wurin tamau a tsaga a tsotse dafin ba? Haka na taso na ji ana yi, yara na kuma suna yawan bin daji. Daga wata uwa.

AMSA: Hajiya Allah ya raya mana su, amma don Allah kar a yi ko ɗaya daga cikin ukun nan. Ɗauri tamau yana tsayar da jini gaba ɗaya, naman ya fara mutuwa, ƙafar da za a iya cetowa sai a ƙare da yanke ta, musamman saran kasa da dama shi kumburi yake sawa da ruɓar nama. Tsagawa ta fi muni in kububuwa ce, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi, kin ga an buɗe wa jinin da ba zai tsaya ba ƙofa kenan. Tsotsa kuwa ba ta fitar da wani abin kirki, dafin ya riga ya shige can ciki, sai dai a ƙara wa ciwon datti. Baƙin dutsen nan da ake mannawa shi ma an gwada shi ba ya zuƙe komai. Dalilin da ya sa ake ganin kamar waɗannan abubuwa suna aiki shi ne, ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma wani lokacin yana sara bai zuba komai ba, sai mutum ya warke da kansa a ce ai maganin ne.

Abin yi ba shi da yawa. A janye yaron daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe ko awarwaro ko takalmi ko duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A sa wa ƙafar ko hannun kara a naɗe sako-sako yadda ake wa karaya don kar ta riƙa motsi, motsi ne ke tura dafi cikin jiki, saboda haka kar a bar shi ya yi gudu, in da hali ma kar ya taka, a ɗauke shi. In yana amai ko ya fara fita hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe don kar ya shaƙe. Ciwo in ya yi yawa farasitamol kawai, banda asfirin da ibufurofen don suna ƙara zubar jini. A lura da ƙarfe nawa abin ya faru, in an samu ɗaukar hoton macijin daga nesa da waya toh, in ba a samu ba kar wani ya ce zai bi shi, likita na iya gane irin dafin daga alamomin jikin mara lafiya.

Sai asibiti, yanzu-yanzu, ko da yaron yana wasa yana cewa ba ya jin komai. Nan ne kububuwa ke yaudarar mutane, wurin saran ɗan kumburi ne kawai sai a ce a bari a gani, bayan awanni ko washegari dasashi ya fara jini, fitsari ya yi ja, tsohon miki ya ɓalle. A asibiti akwai gwaji mai sauƙi, a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga sai a sa allurar kashe dafi, wadda ita kaɗai ce maganin da aka tabbatar. Ta gamsheƙa kuma alamarta daban, fatar ido ta riƙa saukowa kamar mai jin barci, magana ta harɗe, haɗiya ta gagara, daga nan sai numfashi. Yara sun fi shiga haɗari don jikinsu ƙarami ne kuma maciji ba ya rage dafi saboda yaro ne, shi ya sa allurar da ake ba babba ita ake ba yaro. Shawarata tun yau ki bincika wane asibiti ne kusa da ku ke ajiye allurar, don ba kowanne ke da ita ba, kar sai abu ya faru a riƙa zagaye da yaro.

TAMBAYA: Wanda ke tofi a ido fa, da gaske yana makantarwa?

AMSA: Yana iyawa in an yi sakaci. Kumurci na iya feso dafi daga nisan kusan mita 2 kuma ido yake nema. In ya samu fata lafiyayya a wanke kawai, in ido ne kuwa a buɗe shi a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 ko fiye, kar a murza, kar a ɗiga wani haɗi, sannan a je asibiti a duba ko ƙwayar idon ta samu rauni.