Masara Ta Karya Ni, In Sayar Da Filina In Maida Asarar?

Wani ɗan kasuwar hatsi ya turo min saƙo jiya wajen ƙarfe biyun dare, lokacin kaɗai ya isa ya nuna halin da bawan Allah yake ciki. Yace ya zuba naira miliyan 9 ya sayi masara ya jibge a sito yana jiran ta yi tsada, kuma miliyan 3 a ciki kuɗin amininsa ne, sai farashi ya karye, yau in ya sayar da kayan kaf da ƙyar su kawo miliyan 5. Wata biyu kenan bai taka kasuwa ba saboda kunya, barci ya ƙaurace masa, wayar aminin ma ya daina ɗagawa. Yana da fili a bayan gari da aka taya miliyan 4, shine yake tambaya ko ya sayar ya haɗa da kuɗin masarar ya sayi riɗi tashi ɗaya, ko Allah zai sa ya maida abinda ya rasa a kaka guda.

Alhaji, Allah ya mayar maka da mafi alheri, wallahi na ji maka ciwo. Amma don Allah kar ka sayar da filin nan.

Bari in ɗauko maka misali daga inda baka zata ba. Shekarun da na zauna a Amurka na kamu da kallon wasan besbol, wanda mutum ɗaya yake jefo ƙwallo ƙarama mai tauri da gudun tsiya, wani kuma ya tsaya da sanda yana ƙoƙarin bugunta, in ya buga ya ruga ya taka tasha ta farko, tashoshi uku ne sannan ya dawo gida a ƙirga musu ci ɗaya, in kuwa ya yi kuskure uku alƙali ya sallame shi. Abinda ya fara ɗaure min kai shine wanda ake kira gwani a wasan nan, wanda ake biya miliyoyin daloli, sau 3 cikin 10 kawai yake samun bugu mai amfani, sau 7 da kansa a sunkuye yake komawa benci. A manyan gasanninsu guda biyu tun 1941 da Ted Williams na Boston ya ɗan haura 4 cikin 10 ba a sake samun wanda ya kai haka a cikakkiyar kaka ba. Kuma kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a shekara, kusan kullum suna fili, ƙungiyar Seattle da ta ci wasa 116 a 2001 har ake ba da labarinta, ita ma sau 46 aka doke ta a shekarar. To kaga mutumin da aka wulaƙanta yau da daddare bashi da damar ya kulle kansa a ɗaki wata biyu, gobe da yamma akwai wani wasan kuma sunansa yana cikin jeri.

Abinda kake shirin yi da riɗin nan 'yan besbol suna da irinsa. Akwai bugun da ake ɗaga ƙwallo ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, shi ne mai sa 'yan kallo ihu, kuma duk ɗan wasan da ya kwana biyu bai samu bugu ba zuciyarsa can take raya masa, sai ya riƙa kai sanda da dukkan ƙarfinsa, ya daina kallon ƙwallon da kyau, masu jifa kuwa sun san mai neman ramuwa daga tsayuwarsa, sai su yi ta jefo masa wadda bata buguwa yana binta. Kai yanzu a wannan tsayuwar kake. Ba wai ka zauna ka yi lissafin riɗi ka ga riba bane, lissafin miliyan 4 da suka tafi kake, kana neman hajar da zata biya ka, ita kuwa kasuwa bata san kana binta bashi ba. Riɗi kayan fitarwa waje ne, farashinsa yana bin dala da masu saye daga ƙetare, ga rarar ƙasa da tsakuwa da ake cirewa wajen awo, kuma kai da bakinka kace masara ka sani. In ya juya maka baya babu masara babu fili, bashin amininka kuma yana nan.

Ni wanda nake so ka kalla shine Ichiro Suzuki, ɗan Japan siriri da ya zo Seattle a 2001. A 2004 ya yi bugu 262 a kaka ɗaya, har yau ba wanda ya kamo shi, amma guda 8 ne kacal suka tsallake katanga, 225 ƙanana ne da suka kai shi tasha ta farko kawai. Da yayyafi kogi kan cika, Alhaji.

Yanzu mu zo kan kuɗinka. Ka manta da miliyan 9, wannan lambar ta mutu, abinda ke hannunka miliyan 5 ne, 3 na mutane, naka 2, daga nan za a fara. Ka je siton da kanka gobe ka buɗe buhunan ƙasa da na jikin bango ka soka hannu ciki, in ka zaro ka ga gari-gari a tafin hannunka da 'yan huji a jikin ƙwayar to ƙwaro ya shiga, kullum nauyi raguwa yake ga kuɗin haya da na mai gadi suna tafiya, waɗannan su zaka fara fitarwa, sauran ka sayar kashi-kashi kana kallon kasuwa. Kuɗin farko da ya shigo ka ɗauki wani abu mai kauri ka tafi gidan amininka da ƙafarka, ka nuna masa lissafin a takarda, ku yanka lokacin biyan sauran a gaban shaida. Rashin ɗaga wayar nan yafi asarar masarar haɗari a wurina, don a kasuwar hatsi mutum kan ɗauki kaya na miliyoyi da baki kawai, ranar da aka ce wane baya ɗaga waya shikenan an rufe masa wannan ƙofar. Miliyan 2 ɗinka kuma ka juya su a kayan da suke fita cikin sati ɗaya ko biyu, kar ka zuba fiye da dubu 400 a ciniki ɗaya, ka haɗa da dillanci tunda ka san manoma ka san masu saye, la'ada bata buƙatar jari.

Maganar kunya kuma, akwai Jim Abbott. An haife shi a 1967 babu tafin hannun dama, dungulmi ne, kuma ya zama mai jifa a babbar gasar Amurka. Na sha maimaita bidiyonsa ina kallon hannayensa kawai: zai ɗora safar kamun ƙwallo a kan dungulmin, ya yi jifa da hagu, kafin ƙwallon ta isa wurin mai bugu ya riga ya zura hagun cikin safar, in ta dawo gunsa ya cafe, ya matse safar a hammata ya zaro ƙwallon ya jefa, duk cikin ƙiftawar ido, kuma tun yana yaro ya koyi wannan da jifan bango. A 1993 yana ƙungiyar New York Yankees 'yan Cleveland suka yi masa kaca-kaca aka cire shi wasa bai yi rabi ba, ba a yi sati ba ranar 4 ga Satumba ya sake fuskantarsu, ya yi jifa tun farko har ƙarshe babu ko mutum ɗaya da ya samu bugu a kansa. Shi ɗin dai a 1996 ya ci wasa 2 aka doke shi 18, ya bar wasa shekara guda, ya dawo a 1998 ya ci biyar ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Duk wannan a gaban dubban mutane da kyamara. Kai kuwa waɗanda kake jin kunyarsu a layinku, da yawansu irin masarar taka ce jibge a sitonsu.

Sannan ka biya asibiti ko kemis a auna maka jini, wata biyu ba barci ba wasa bane, kuma ka gaya wa uwargida gaskiyar lamarin don a rage cefane da saninta. In ka dawo daga siton ka turo min adadin buhunan da suke lafiya da waɗanda ƙwaro ya taɓa da kuɗin hayar wata, sai mu zauna mu tsara wanne za a fara fitarwa da nawa zaka kai wa amininka ranar Juma'a.