Amsa Ga 'Yata Game da Matan Yoshiwara

'Yata, saƙonki ya iso, kuma na yi murna da jin cewa karatu yana tafiya daidai. Kin tambaye ni ko gaskiya ne a al'adar Japanawa ta dā karuwanci sana'a ce mai daraja, tun da kin ga tsofaffin littattafansu suna yabon waɗannan mata da iya waƙa da kiɗa da kyan rubutun hannu. Darajar nan ta tabbata ga 'yan kaɗan da ke can sama, amma ko su ɗin ba su mallaki kansu ba.

A shekarar 1617 gwamnatin gidan Tokugawa ta ba da izinin a keɓe unguwa guda domin wannan harka a Edo, wato Tokyo ta yau. Ita ce Yoshiwara, wadda aka mayar da ita bayan gari kusa da unguwar Asakusa bayan babbar gobarar 1657. An kewaye ta da rami mai ruwa, ƙofar shiga ɗaya ce, namiji yana shiga yana fita yadda ya so, mace kuwa ba ta fita sai da izini. Akasarin matan 'ya'yan talakawa ne da iyayensu suka karɓi kuɗi a kansu tun suna yara, aka rubuta yarjejeniyar wajen shekara goma, sannan a riƙa ɗora musu bashin tufafi da kayan kwalliya, har ya zama mafitar da ake fata ita ce wani mai hali ya biya ya fanshe su.

Ki lura kuma da waɗanda suka yi rubutun da waɗanda suka saye shi. A tsarin zamanin, 'yan kasuwa su ne a ƙasan jerin daraja, bayan samurai, wato mayaƙa, da manoma da masu sana'ar hannu, alhali kuɗi yana hannunsu. A cikin unguwar nan ne dukiya take saya musu girman da doka ta hana su, shi ya sa adabinsu ya ƙawata wurin haka.

Duk da wannan, manyan marubutansu ba su ɓoye komai ba. Ihara Saikaku, a littafinsa na 1686, ya sa wata tsohuwa ta ba da labarin yadda ta gangaro daga matsayi mafi tsada har ta koma tsayuwa a bakin titi da dare, ko da yake na fi jin yana nishaɗantar da maza da labarin fiye da yadda yake tausaya mata. Wanda ya fi kama ni shi ne Chikamatsu Monzaemon, a wasan kwaikwayonsa na Amijima na wajen 1720. Jihei mai sayar da takarda yana son wata karuwa mai suna Koharu amma ba shi da kuɗin fansarta. Matarsa Osan, da ta gane cewa Koharu za ta kashe kanta idan wani attajiri ya saye ta, sai ta fito da ajiyarta, ta tattara tufafinta domin a jinginar a fanshi matar da mijinta yake so. Mahaifin Osan ya zo ya tafi da 'yarsa, masoyan biyu kuma suka mutu tare. Mata biyu ne suka riƙe wa juna amana a nan, amma babu wadda take da ikon yanke hukunci a cikinsu. Wannan yana hannun uba da mai gidan karuwai da mai kuɗi. Irin waɗannan wasanni na masoyan da ke kashe kansu tare sun yi tasiri har hukuma ta hana su a farkon shekarun 1720.

Idan kina son ganin abin da idon mace, ki nemi Higuchi Ichiyo, wadda ta taɓa riƙe ɗan kanti a gefen Yoshiwara, ta kuma rasu a 1896 tana da shekara 24. Ta rubuta labarin Midori, yarinya mai kuzari wadda yayarta fitacciya ce a unguwar, kowa ya san ita ma can aka tanadar mata. Ranar da aka yi mata gyaran gashi irin na manya sai wasa ya ƙare, ta daina fita cikin ƙawayenta.

A 1872 gwamnati ta yi shelar 'yanta matan, amma gidajen suka ci gaba da aiki da sabon suna, har sai da dokar 1956 ta fara aiki sosai a 1958 aka rufe Yoshiwara. Ki gaida mutanen gida.