Amsoshinku: argparse ko click, da wadda anka ce ta biya kuɗin fomatin

Tambaya daga Jega: "Malam barka da ƙoƙari. Babanmu shina da injin casar shinkafa, na rubuta mai ɗan shiri da Python mai lissafa buhunan da anka casa da kuɗin kowa. Da sys.argv nike karɓar sunan fayil da farashi, amma duk randa ƙanena ya sa farashi kafin fayil sai abu ya watse. Wani ya ce in koma click, wani ya ce argparse. Wanne zan ɗauka?"

Argparse da click duk kayan aiki ne na Python masu karanta abin da anka rubuta bayan sunan shiri wurin kiransa. Ɗauki argparse ƙanena, kar ka wahal da kanka. Tare da Python yake zuwa tun 2.7 da 3.2, ba sai ka sauke shi da pip (mai sauke kayan Python) ba, ba cin data, duk kwamfutar da ka kai shirinka zai tashi. Shi click ba shi da laifi ko kaɗan, Armin Ronacher da ya yi Flask, kayan gina shafin intanet da Python, shi ya rubuta shi, kuma yana da daɗi in shirinka ya girma ya zama mai umarni da yawa irin git (shirin da masu rubuta shiri ke adana canje-canjen aikinsu da shi), amma sai ka sauke shi a kowace na'ura, kai ko a wurin injin casa kake inda wata rana netwok ma sai an fita bakin titi.

Abin da ke faruwa da kai shi ne sys.argv jerin kalmomi ne kawai, na farko sunan shirin, sauran kuma yadda anka rubuta su bi da bi. Python bai san wanne ne farashi ba, 3000 ɗin ma a wurinsa rubutu ne ba lamba ba. To da argparse sai ka ce add_argument("fayil") sannan add_argument("--farashi", type=int), wato farashin ya zama lamba, shi ke nan, ko ƙanenka ya rubuta python lissafi.py jega.csv --farashi 3000 ko ya fara da --farashi duk ɗaya ne, don yanzu farashin yana da suna ba wurin zamansa ake dubawa ba. Ga -h kyauta da zai nuna mai yadda ake amfani da shirin. In ya rubuta "dubu ukku" ko 3,000 da waƙafi a tsakiya shirin zai gaya mai kuskurensa ya fita da lamba 2, alamar an yi kuskure, maimakon ya zubo mai dogon saƙon kuskure na Python ya tsorata.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai, argparse yana karɓar gajeren suna, wato --far zai wuce a matsayin --farashi. Yau daɗi, amma randa ka ƙara wani zaɓi mai suna --farko sai --far ya rasa inda zai nufa, duk wanda ya saba da shi ya fara kiranka a waya. Sa allow_abbrev=False tun yanzu, akwai shi daga Python 3.5.

Tambaya daga Gusau: "Ina da shago, ɗana ya yi min shirin lissafi kafin ya tafi makaranta. In na ba shi fayil mai suna kudin albasa.csv sai ya ce unrecognized arguments. Mai gyara ya ce Windows ɗin ce ta lalace, in kawo kuɗi a yi fomatin."

Hajiya don Allah riƙe kuɗinki, kwamfutarki lafiya lau take, ko an yi fomatin sau goma saƙon nan zai dawo. Layin da kika rubuta ba ya isa ga shirin a dunƙule, ana fara yanka shi ne duk inda aka ga fili tsakanin kalmomi, kamar yadda mahauci ke gunduwa-gunduwa, sai shirin ya karɓi kudin daban albasa.csv daban, shi ko fayil ɗaya yake jira, na biyun ne ya ce bai gane ba. Ki sa sunan cikin alamar zance mai ƙwaya biyu, "kudin albasa.csv", zai tafi a matsayin abu guda. Mai ƙwaya biyu fa na ce, don baƙin allon cmd na Windows, inda ake buga umarni, ba ya ɗaukar mai ƙwaya ɗaya yadda Linux ke yi. Ko ki huta gaba ɗaya ki canza sunan ya koma kudin_albasa.csv.

Sannan in ɗanki ya turo miki umarni ta waya ko cikin Word, ki duba da kyau kafin ki liƙa, Word da wasu kibod ɗin waya suna mayar da karan nan biyu -- su zama dogon kara ɗaya, su kuma lanƙwasa alamar zance. A ido kusan ɗaya ne, wurin shiri ko ba su da alaƙa. Gara ki buga da hannunki. In kuma wata rana kika samu fayil da sunansa ya fara da kara, shirin zai ɗauka zaɓi ne, sai ki sa -- shi kaɗai kafin sunan, ma'anarsa zaɓi ya ƙare daga nan, abin da ya biyo baya duk suna ne.

Tambaya daga Ƙauran Namoda: "Ni ɗalibi ne, ina son koyon wanga abu na getopt da bash amma waya kawai gare ni. Sai na sayi laftof mai Linux?"

A'a, fara da abin da ke hannunka. In Android ce sauke Termux, manhajar da ke ba ka allon buga umarni irin na Linux, daga F-Droid (rumbun manhajoji na kyauta), ka buga pkg install python, ga bash (shirin da ke karɓar umarnin da kake bugawa) ga Python. A nan za ka ga da idonka cewa a umarnin ls mai jero fayiloli, ls -la daidai yake da ls -l -a, kuma getopts na cikin bash, mai karanta zaɓi kamar yadda argparse ke yi a Python, gajerun zaɓi masu harafi ɗaya yake ganewa, dogaye masu kara biyu irin --farashi salon GNU ne (masu yawancin kayan aikin Linux), getopt_long ke karanta su. Wannan karatu ba ya cin ƙarfin na'ura ko kaɗan, babban yatsanka ne kawai zai gaji.

In kuɗi sun samu, ta hannu ta isa, RAM 8GB da SSD, Linux kyauta ce kai za ka sa da kanka, kar wani ya ƙara maka farashi a kanta. Batir za ka fi sa wa ido saboda halin wutarmu, ka ce a cire caja ka zauna a shagon ka ga yadda yake sauka. Kafin ka biya buɗe Notepad ka danna kara da alamar zance da sauran ƙananan maɓallan gefe, su za ka fi aiki da su kuma masu saye ba su cika gwada su ba. In ka danna inda aka zana " ka ga @ ta fito ba lalacewa ba ce, kibod ɗin Ingila ne da na Amurka sunka saɓa a wurin, a saitin harshe ake gyarawa.