Tsohuwar ƙaramar mota: a saya ko a haƙura?

Malam, ka ce kuɗinka ba su kai na sabuwa ba, kana duba tsohuwar Corolla ko Golf 3 don zuwa aiki da kai yara makaranta, shin za ta yi?

Za ta yi, in ka natsu wajen zaɓe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ƙaramin inji ya zama rufin asiri. Ni na fi karkata ga Corolla, don kayan gyaranta na nan birjik a Ƙofar Ruwa, kuma da wuya ka samu bakanike a Kano da bai san cikinta ba.

Sai dai tsufa ba ya ɓuya. Tawa a zafin Afrilu ta nuna hali: ina cikin cunkoson Kantin Kwari allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe gaba. Ashe lagireto ya toshe. Ragin da na samu a ciniki duk a gareji ya ƙare. Ga ta kuma gajeriya, in ruwan damina ya cika titi sai ka lallaɓa.

Kada ƙyallin fenti ya ruɗe ka. Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, da sassafe kafin a tayar da inji. Shuɗin hayaƙi alama ce tana shan baƙin mai. Buɗe murfin baƙin man, in ka ga kamar madara, ruwa ya shiga, ka bar ta. Tabbatar lambar shasi ta yi daidai da takardu, har ta kwastam. In kana kokwanto, jami'an kwastam su tantance maka kafin ka biya.

Kuma ka rage wani abu a aljihu don taya, birki da juyen mai.