Tambaya da Amsa: Me irin Bt yake kashewa, me ya sa wani lokaci tsutsa take fin ƙarfinsa?

Tambaya: Na shuka audugar Bt bisa cewa tana kashe ƙwari da kanta, amma ga darɓa da farin ƙuda sun cika ganyen. Ko an sayar mini da jabun iri ne? Daga wani manomin auduga.

Amsa: Malam, ba lallai ba ne. Bt taƙaitaccen sunan wata bakteriya ce da ke cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, wadda take samar da furotin mai suna Cry. Ƙwayar halittar da ke haɗa wannan furotin aka ɗauko aka dasa a cikin auduga da masara, aka fara sayar da irin a Amurka a 1996. Sai tsutsa ta ci ganye ko ƙwallon audugar tukuna furotin zai narke a hanjinta, ya manne a wasu gurabe na musamman a bangon hanjin, ya hudhuda shi. Cikin sa'o'i kaɗan ta daina ci, cikin 'yan kwanaki ta mutu. Kamar kwaɗo da makulli ne: kowane Cry da ƙwaron da yake buɗewa. Cry1Ac da Cry2Ab na tsutsotsin malam-buɗe-littafi ne, irin masu huda ƙwallon auduga. Darɓa da farin ƙuda kuwa tsotsar ruwan tsiro suke yi, furotin ba ya taɓa su.

Akwai ma abin da aka gani a arewacin Sin: da manoman audugar Bt suka rage feshi, sai wasu ƙwari masu tsotsa, waɗanda a da feshin tsutsa yake kashewa, suka yawaita. Don haka ka riƙa zagaya gona kowane mako kana ɗaga ganye kana duba ƙasansa. In suna da yawa ka yi feshi da maganin da ya dace da su, in 'yan kaɗan ne ka bar wa ƙwarin da ke cinye su.

Tambaya: Takardar da ke jikin buhun masarar Bt ta ce in ware wani yanki in shuka masarar da ba Bt ba. Wannan ba ciyar da tsutsa da gangan ba ne? Daga wata manomiya.

Amsa: Hajiya, da gangan ɗin ne, kuma shi ne mataki mafi muhimmanci a noman Bt, wanda aka fi yin sakaci da shi. Ana kiran yankin mafaka. A cikin dubban tsutsotsi ba a rasa ɗaya ko biyu da furotin ba ya kashewa. In gonar duka Bt ce, su kaɗai za su rayu, su zama malam-buɗe-littafi, su yi barbara da junansu, 'ya'yansu su gaji taurin kan. In akwai mafaka kuwa, ɗaruruwan da ba su da juriya za su fito daga can, mai juriyar ya haɗu da ɗaya daga cikinsu. Yawanci sai an gaji juriyar daga uwa da uba take yin ƙarfi, saboda haka 'ya'yan da aka haifa ta wannan hanya suna cin Bt su mutu.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a yankin masara na Amurka ita ce kashi 20 cikin 100 ga iri mai furotin ɗaya: a hekta 5, hekta 1 mafaka ce. Nisanta da gonar Bt kada ya wuce kimanin mita 800, in kuma a tsakiyar gona za a saka ta, faɗinta ya kai aƙalla layi 4. A shuka su lokaci ɗaya, da iri mai kwanakin nuna iri ɗaya, don ƙwarin ɓangarorin biyu su fito tare. Kada a fesa wa mafaka maganin Bt na kwalba. Irin da ke ɗauke da furotin biyu ko uku kan zo da mafakarsa a gauraye cikin buhu, kashi 5 cikin 100. Adadin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, abin da ke rubuce a buhunki shi za ki bi.

An riga an ga sakamakon sakaci. A Afirka ta Kudu an ba da rahoton tsutsar karan masara ta daina jin Cry1Ab a 2007. A jihar Gujarat ta Indiya, jar tsutsar auduga ta daina jin Cry1Ac a wajen 2009, daga baya ta shawo kan iri mai furotin biyu ma. In juriya ta bazu, har maƙwabcin da ya kiyaye ƙa'ida sai ta shafe shi.

Tambaya: Shekara da shekaru maganin ciyawa mai suna glyphosate kaɗai nake fesa wa waken soya mai jure masa. Bana wata ciyawa ta ƙi mutuwa. In ƙara yawan maganin? Daga wani mai karatu.

Amsa: Kafin ka ƙara, duba yadda aka yi feshin. Glyphosate yana toshe wani sinadari a jikin tsiro mai suna EPSPS, wakenka kuma an ba shi wani nau'in EPSPS daga bakteriya wanda maganin ba ya kamawa. Maganin ya fi ci idan ciyawa ba ta wuce santimita 10 ba kuma tana cikin girma. Ruwa mai laka ko mai kanwa-kanwa yana ɗaure shi tun a cikin tanki, ruwan sama da ya sauka jim kaɗan bayan feshi yana wanke shi, ciyawar da fari ya yanƙwanar kuma ba ta shan sa sosai.

In duk wannan daidai ne, amma nau'i ɗaya ya tsaya kore shar a tsakiyar ciyayin da suka bushe, to juriya ce, ƙari ba zai yi ba. Haka ya faru a jihar Jojiya ta Amurka a wajen 2005 da wani dangin alayyafo mai suna Palmer amaranth, wanda tushe ɗaya kan zubar da dubban ɗaruruwan 'ya'ya. Ka tuge waɗanda suka tsira kafin su yi iri, ka fitar da su daga gonar. Baɗi ka fesa maganin da ke hana ciyawa tsirowa tun lokacin shuka, ka sauya amfanin gona, ka haɗa da noma da fartanya ko garma. Kuma ka yi hattara da wani maganin ciyawa mai suna glufosinate: sunan ya yi kama, aikin daban ne, zai ƙone waken da glyphosate kaɗai yake jurewa.