Amsa kan karyewar taf da dalilin zuwansa uku-uku

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambaya, Allah ya sanya albarka a sabon shago. Ka ce ka buɗe wurin gyaran babura da injinan ban-ruwa a Tudun Wada, ka sayi akwatin taf da dayi irin mai guda 40 ɗin nan (taf shi ke yanka tiredi, wato haƙoran da bol ke kamawa, a cikin huda, dayi kuma a jikin rodi), kuma ba a jima ba taf ɗin M8 ya karye maka a cikin huda, ka sayo wani shi ma ya bi sahu. Ka ambaci cewa da diril mai lamba 6.5 kake hudawa, domin shi ne a hannunka. Sannan ka tambayi dalilin da ya sa ake sayar da wasu taf uku-uku alhali a ido duk ɗaya suke, da kuma ko ya kamata ka ƙara kuɗi ka sayi masu rubutun HSS, wato ƙarfen yanka mai jure zafi. Na daɗe ina yanka tiredi, da hannu da kuma a kan inji, kuma a ganina mafi yawan amsarka tana bakin taf ɗin, a 'yan haƙoran farko waɗanda mutane ba su cika tsayawa su duba ba.

Ka ɗauko taf ɗaya ka ɗaga shi wajen haske. Za ka ga haƙoran da ke can baki ba su cika ba, an zabge kawunansu, na farko kusan a shafe yake, na bayansa ya ɗan ɗara shi tsayi, haka suke hawa a hankali har a kai ga cikakken haƙori. Wannan wurin da aka fiƙe shi kaɗai ne yake yanka. Sauran cikakkun haƙoran da ke baya ba su cin ƙarfe, aikinsu su bi hanyar da aka riga aka buɗe, su riƙe taf ɗin ya tafi daidai da tazarar tiredin. To bambancin taf ukun nan duk a tsawon wannan fiƙar yake. Na farko an fiƙe masa haƙora kamar 8 zuwa 10, na biyu 3 zuwa 5, na uku kuwa ɗaya zuwa biyu kacal.

Idan ka yi lissafi a kan M8 ɗinka za ka ga abin da hakan ke nufi. Faɗinsa milimita 8 ne, tazarar haƙoransa 1.25, hudar da ta dace da shi kuma 6.8, wato ƙarfen da za a cire ta kowane gefe zurfinsa milimita 0.6 ne. Idan taf ɗin mai kwari uku ne, wato tsagogin da ke bin tsawon jikinsa, kuma an fiƙe masa layi takwas, haƙora 24 ke nan za su raba wannan zurfin a tsakaninsu, kowanne ya ɗauki kashi ɗaya cikin 40 na milimita. Aikin ya zama kamar na gayya, inda kowa ya kama kunyarsa aka cinye gona ba wanda ya jigata. Amma taf na uku, mai fiƙar layi ɗaya da rabi, haƙora huɗu ko biyar ne za su ɗauki wannan nauyin duka, saboda haka abin da ke kan kowannensu ya ninka kusan sau biyar. Shi ya sa ba a fara huda da shi. An yi shi ne don hudar da ba ta ɓulle ba, ya ƙarasa 'yan haƙoran da ke can gindi waɗanda dogon bakin na farko da na biyu ba zai bari su kai ba. Doguwar fiƙar na farko tana da wani amfanin kuma, domin tana shiga cikin hudar sosai kafin ta fara ci, sai taf ɗin ya zauna a miƙe da kansa.

Akwai wani tsarin uku-ukun da ya sha bamban da wannan, kuma ana samun sa a kayan da ke zuwa daga Turai. Shi za ka ga zobe ɗaya a wuyan na farko, zobe biyu a wuyan na biyu, na uku ba shi da ko ɗaya. A nan har kaurinsu ba ɗaya ba ne: na farko da na biyu ba su kai cikakken faɗi ba, na uku ne kaɗai yake fitar da tiredin yadda bol zai shiga. Wanda bai san wannan ba sai ya tsaya a na biyu, bol ya ƙi shiga, ya ɗauka kayan jabu aka sayar masa. A irin wannan dole ka bi su ukun a jere ko da hudar ta ɓulle, alhali a tsarin da na fara bayani, idan huda ta ɓulle kuma ƙarfen ba kauri sosai, na farko kaɗai yana iya gama aikin idan ka tura shi ya wuce.

Akwatin da ka saya, idan irin wanda na sani ne, taf ɗaya ne ga kowace lamba, kuma yawanci mai matsakaiciyar fiƙa ne. Ka ga tun nan an ɗora wa haƙora kaɗan aikin da ya fi ƙarfinsu. Sai kuma hudarka ta 6.5 ta ƙara masa. Ƙa'idar mai sauƙi ce ga tiredin milimita: ka cire tazarar haƙori daga faɗi, abin da ya rage shi ne dirilinka. M6 mai tazara 1 yana son 5, M8 mai 1.25 yana son 6.8, M10 mai 1.5 yana son 8.5, M12 mai 1.75 kuma 10.2. Wannan yana ba ka kusan kashi 75 cikin 100 na zurfin haƙori, kuma da gangan aka bar ragowar, domin ƙara zurfin daga nan ba ya ƙara wa noti wani ƙarfi na a zo a gani, sai dai ya ƙara wa taf wahalar juyawa matuƙa. Mafi ƙanƙantar hudar da ƙa'ida ta yarda wa M8 tana wajen 6.65, kai kuwa kana ƙasa da ita. Na san diril 6.8 yana wuyar samu a wurin masu sayar da kaya tsinta-tsinta, amma idan ka rasa shi, gara ka huda da 7 da ka huda da 6.5, muddin ƙarfen yana da kaurin da bol zai kama haƙora da yawa.

Kwarin da aka tsaga a jikin taf shi ma yana da hannu a karyewar. Shi ne yake samar da kaifi, domin da babu shi taf bol ne kawai, kuma ta cikinsa ne ɓarɓashin ƙarfe yake samun wurin zama, mai kuma ya gangara. Amma duk zurfin da aka ƙara wa kwarin, daga ƙashin tsakiyar taf aka rage shi. Mai ƙera taf kullum yana tsakanin abu biyu ne, ya ba ɓarɓashi fili ko ya bar wa taf ƙarfi, shi ya sa ƙanana suke zuwa da kwari uku, manya da huɗu. Ka dubi guntun da ya karye maka ta wurin karayar, ka ga ƙanƙantar ƙarfen da ya rage a tsakiya, sannan ka tuna cewa an ƙona shi ya yi tauri ƙwarai, ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsinke. Taf ɗin hannu miƙaƙƙen kwari gare shi, ba ya tura ɓarɓashi gaba, ba ya jawo shi baya, a wurin yake taruwa. Dalilin da ya sa tun muna yaran shago aka koya mana mu juya gaba kamar zagaye ɗaya, mu dawo baya rabi har mu ji ɗan ƙas ɗin tsinkewar ɓarɓashin ke nan. A hudar da ba ta ɓulle ba kuwa, sai ka riƙa fito da taf ɗin gaba ɗaya kana zazzage hudar, in ba haka ba ɓarɓashin ya cushe a gindi, taf ya taka shi, kai kana tsammanin tauri ne ka ƙara ƙarfi.

Masu ƙira sun samar wa wannan matsala mafita iri biyu. Akwai taf ɗin da aka yi wa wata karkatacciyar yanka a bakin kwarin, yana kora ɓarɓashi gaba ya fice ta ƙasan huda mai ɓullewa, akwai kuma mai murɗaɗɗen kwari wanda yake jawo shi sama. Don inji aka yi su, amma na farkon yana daɗin aiki da hannu ƙwarai, kuma idan ka ci karo da shi a Sabon Gari ko a Panteka ta Kaduna kada ka bar shi.

Batun mariƙi ba ƙarami ba ne. An yi wa gindin taf kusurwa huɗu ne don a kama shi da mariƙi mai hannu biyu, hannun dama yana ja, na hagu yana turawa, ƙarfin ya zama juyi zalla. Na sha ganin yara suna kama taf da sifana ko fulaya, kuma duk wanda ya yi haka yana tura taf ɗin gefe guda ne a lokacin da yake juya shi, wanda shi ne abin da ƙarfe mai irin wannan taurin ba ya jurewa. Haka kuma babban mariƙi a kan ƙaramin taf yana kashe maka ji a hannu. Bayan zagaye biyu na farko ka tsaya, ka dafa sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, a gefen taf ɗin ta fuska biyu, idan ya karkata ka gyara tun a nan, domin bayan ya yi nisa ba ya gyaruwa. Ka sa mai a baƙin ƙarfe, kananzir a alminiyam irin na tof ɗin babur, ƙarfen zubi kuwa, wato kas, a bushe ake yanka shi saboda gari yake fitarwa.

Game da HSS, ka saya, amma ka san dalilin. An samar da wannan ƙarfe ne a Amurka wajen 1900 don ya riƙe kaifinsa ko da ya yi zafi ƙwarai a kan inji, kuma hannunka ba zai taɓa kai taf ga wannan zafin ba. Abin da yake amfanar ka shi ne, nagartattun taf na HSS bayan an taurara su ake wasa haƙoransu da dutse, sai su fito da kaifi kuma a kan ma'auni, alhali masu arha ana yanka haƙoran ne tun ƙarfen yana da laushi sannan a ƙona, wutar ta ɗan karkatar da su ta kuma dakushe bakin. Rubutun da ke jiki kaɗai bai isa shaida ba. Ka dubi cikin haƙoran, wasasshe yana sheƙi sumul, ka kuma ja farcenka a bakin kwarin ka ji ko yana kamawa. Shawarata ita ce kada ka sake sayen babban akwati. Ka sayi M6, M8 da M10 uku-uku masu kyau, ka ƙara da M10 mai tazara 1.25 saboda shi ne ya cika yawa a injinan ƙirar Japan da makamantansu, tare da dirilin kowanne, ka ajiye su wuri ɗaya ba tare da suna gogar juna ba.

Kafin ka sa taf a tsohuwar huda kuma, ka tabbatar da irin tiredin da ke ciki, don nan Zariya har yanzu kayan inci ba su ƙare ba. Tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a Ingila a 1841 kusurwar haƙorinsa digiri 55 ce, na William Sellers na Amurka na 1864 da na milimita kuwa digiri 60. Tsofaffin injinan niƙa ƙirar Lista suna ɗauke da na Whitworth, kuma tiredin bututun ruwa da za ka riƙa gani a bakin injinan ban-ruwa na masu lambu a gaɓar kogin Galma shi ma mai digiri 55 ne. Bol mai kashi 3 cikin 8 na inci yana da faɗin milimita 9.5 da haƙora 16 a inci ɗaya, ya yi kusa da M10 ƙwarai, har yakan shiga zagaye biyu ko uku kafin ya cije, kuma a nan ne ake kashe tiredi. 'Yar ma'aunin haƙora mai ganye-ganye da ke cikin akwatinka, a ganina, ta fi komai amfani a cikinsa.

Dayi ma a kan wannan tunanin aka gina shi. Fuskarsa ɗaya tana da fiƙa mai tsawo, yawanci ɓangaren da ke da rubutu, kuma da ita ake farawa bayan ka zabge bakin rodin da magagari. Mai tsaga a gefe ya fi, domin sukurun tsakiya na mariƙi yana buɗa shi ka yi wucewar farko da sauƙi, na gefe biyu kuma su matse shi a wucewa ta biyu har noti ya zauna yadda kake so. Mai kusurwa shida kamar noti don tayar da tiredin da ya buge aka yi shi, ba don yanka sabo ba.

Guntun da ya maƙale maka kuwa, kada ka sa masa diril, ya fi dirilin tauri. Idan ya leƙo waje, ka ɗora noti a kansa ka ɗiga walda ta cikin notin, ka bari ya huce, ka zuba mai, ka riƙa motsa shi gaba da baya a hankali har ya saki. Idan a ciki ya karye, ka fara hure ɓarɓashin da ke cikin kwarin, sannan ka sa siririn fanci a gefen kwarin kana ƙwanƙwasa shi ta hagu. Idan na akwatin ne, akwai yiwuwar ƙarfen kabon ne ba HSS ba, wanda idan aka gasa shi ya yi ja aka bar shi ya huce a hankali yakan yi laushi har diril ya ci shi, sai dai wannan ba a yin sa a jikin alminiyam, domin jikin zai narke kafin taf ɗin ya yi ja.