Kada a Raba Baba da Tumakinsa Gaba Ɗaya

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace ku sayar da tumakin Baba domin ya huta, tunda ya kai shekara 76 kuma ƙarfinsa yana raguwa. Shawarata ita ce a rage masa su amma kada a raba shi da su, domin mun taɓa yin wannan kuskuren a gidanmu da ke Gangare, nan Jos.

Tausayi ne ya sa muka sayar da awakin Hajiyarmu guda shida. Kafin nan, da zarar ta idar da sallar asuba sai ta dama musu dusa, ta share garke, ta sunkuya ta kwance igiya, ko da a tsananin sanyin Janairu ne. Da aka kwashe su sai ta koma zaman ɗaki, cin abincinta ya ragu, kuma cikin 'yan watanni ta kai ba ta iya buɗe murfin gora, ba ta miƙewa sai ta dafa bango.

Likitoci suna gane raunin tsufa ne da alamomi biyar: ramewa babu dalili, yawan gajiya, raunin damƙar hannu, nawar tafiya da ƙarancin motsa jiki, kuma wanda ya haɗa uku ya shiga cikinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan tsofaffin Japan ya nuna cewa waɗanda suka taɓa riƙon kare ba su cika faɗawa wannan hali ba kamar waɗanda ba su taɓa riƙewa ba, kuma ana danganta hakan da fita da shi kullum da gaisawa da maƙwabta. Yawo da kare ba al'adarmu ba ce, amma tunkiya ma tana fito da mai ita tsakar gida sau da yawa a rana.

Da muka dawo mata da akuya biyu, ba ta koma kamar da ba, amma ta sake fitowa, har tana faɗa idan an makara da harawa.

Ku fitar da ragon da ke tunkuyi, ku daina ɗaure dabba a kan hanyar banɗaki, saboda karayar ƙugu ga dattijo babbar jinya ce. A bar wa jikoki ɗaukar ruwa da buhun dusa, a kira likitan dabbobi ya yi musu rigakafi, tunda cibiyar Vom mai haɗa alluran tana kusa da mu. Ku bar wa Baba tunkiya biyu ko uku masu sanyin hali, shi ne kuma zai riƙa ba su abinci da hannunsa.